Burusel, Amstadam da Lisbon: Biranen da 'Yan Kasuwa Suka Sake Ginawa Bayan Gobara

Duk wanda ya taɓa cinikin mota a Kwatano ko Lome ya san kalmar "Beljiyam". A bakinmu sunan mota ce wadda Bature ya hau ya gaji, aka loda ta a jirgin ruwa aka kawo mana. Haka ma "Holan": in ka faɗa a gaban matan gida, atamfa za su ji. Shekara da shekaru muna cin abinci da sunayen ƙasashen nan, amma kaɗan ne cikinmu suka taka su. Da Allah ya nufa na je sayen motoci da kaina, bayan an gama lodi sai na ware kwana goma na zaga manyan birane uku: Burusel ta Beljiyam, Amstadam ta Holan, da Lisbon ta Fotugal. Biza ɗaya ke shigar da mutum duka ukun, kuɗinsu ma ɗaya ne, yuro. Ni ba magini ba ne, da idon ɗan kasuwa na kalli gine-ginensu, kuma abin da idon ya gano shi zan ba ku.

A Burusel na fara, unguwar Heyvaert, inda yawancin motocinmu ke taruwa kafin a kai su tashar jiragen ruwa ta Antwerp. Tsofaffin masana'antu ne na jan bulo aka mayar gareji. Ko'ina warin baƙin mai, ga Larabawan Labanan, ga mutanen Gini da Kamaru da Nijar, Hausa ma sai ka ji ta a bakin ƙofa kamar kana Zongo. A ƙarshen unguwar akwai kasuwar Abbatuwa, mai gumakan bijimai biyu a ƙofarta. Rumfa ce guda ta ƙarfe, tsawonta mita 100, faɗinta mita 100, an gina ta a 1890 don cinikin shanu. Yau ranakun Juma'a, Asabar da Lahadi ake cin kasuwa a harabarta, nama da kayan miya da tufafi, cikin araha. Rumfar ta haura shekara 130 tana tsaye. Na daɗe ina kallon ginshiƙanta ina lissafin sau nawa aka sake rufin rumfarmu a shekara goma.

Daga nan tafiyar kamar rabin awa ce a ƙafa zuwa tsakiyar gari, dandalin da ake kira Grand-Place. Garin harshe biyu gare shi, Faransanci da yaren Holan, kowane allon titi da su biyun ake rubuta shi. Sunan dandalin a yaren Holan, Grote Markt, ma'anarsa "babbar kasuwa". Lungunan da ke kewaye da shi har yau suna ɗauke da sunayen hajar da aka sayar a cikinsu: layin man shanu, layin mahauta, kasuwar kaji, kasuwar cuku, kasuwar gawayi. Wanda ya san Kasuwar Kurmi ba zai ji baƙunta ba.

Kai, dandalin nan ya haɗu! Gidan hukumar gari yana gefe guda da hasumiyarsa mai tsawon mita 96, sauran gidajen kuma sun jeru kafaɗa da kafaɗa, fuskokinsu duk sassaƙa da ruwan zinariya. Abin da ya fi burge ni shi ne masu gidajen. Yawancinsu na ƙungiyoyin masu sana'a ne. Ga na masu burodi, ga na maɗinka, ga na mahauta mai siffar tsuntsun ruwa a kan ƙofa, ga na 'yan koli mai siffar yanyawa. Na masu jiragen ruwa kuwa, samansa an yi shi ne kamar bayan jirgi, ko ba ka iya karatu ba ka san gidan su wane ne. Ka ɗauka Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera da shugaban 'yan goro kowa ya tara jama'arsa sun gina gidan taro a bakin kasuwa, suna gasar wa zai fi kyau.

To amma wannan kyau daga toka ya fito. A watan Agustan 1695 sojojin Sarki Louis na 14 na Faransa suka yi wa garin ruwan igwa kwana uku, wuta ta cinye dubban gidaje, dandalin ya zama kufai in ban da hasumiya da wasu bangaye. Cikin 'yan shekaru ƙungiyoyin suka sake gina shi da kuɗinsu. Sai dai hukumar gari ta kafa sharaɗi: ba wanda zai ɗora dutse sai ya kawo zanen gininsa an duba an yarda, wanda ya saɓa a ci shi tara. Shi ya sa kowane gida da adonsa, amma babu wanda ya shigo fili ya tare wa maƙwabcinsa hanya.

Kusa da dandalin akwai Galeries Saint-Hubert, wadda aka buɗe a 1847. Layin kantuna ne mai tsawon fiye da mita 200, an rufe samansa da gilashi. Garin ruwa ne, yayyafi ba ya sallama, sai maginin ya yi dabarar da mai saye zai yi yawonsa bai jiƙe ba, haske kuma na shigowa kyauta. Kantuna a ƙasa, gidajen kwana a sama. Mai son abinci na halal kuwa ya nufi wajen tashar jirgin ƙasa ta Midi, nan Marokawa da Turkawa suke, kuma ran Lahadi babbar kasuwa ke ci a gefen tashar.

A wannan tasha na hau jirgin ƙasa zuwa Amstadam, tafiyar da ba ta kai awa uku ba. Gari ne da aka dasa a kan taɓo. Ƙasar ba ta ɗaukar nauyin gini, don haka sai an kafa dogayen gungume an buga su har su taɓa yashi mai ƙarfi, sannan a ɗora gida a kai. Tsohon gidan hukumar gari da ke dandalin Dam, wanda yanzu fadar sarki ce, yana zaune a kan gungume 13,659. Tun daga 1613 suka fara haƙa manyan hanyoyin ruwa guda uku da suka zagaye tsohon garin kamar baka, kwalekwale na bi har ƙofar gida.

Gidan ɗan kasuwar Amstadam abin a tsaya a duba ne. Siriri ne, wani faɗinsa bai wuce taga uku ba, don fili a bakin ruwa tsada gare shi, sai ya miƙe sama ya kuma zurfafa ciki. Ofis a ƙasa, iyali a tsakiya, sito a can ƙololuwa inda danshi ba ya kaiwa. A ƙoƙon kowane gida akwai azara da ta leƙo waje da ƙugiya a bakinta. Kwalekwale ya tsaya, a rataya igiya, a ja buhu sama a shigar ta taga. Da yawa cikin gidajen an ɗan karkato da fuskarsu gaba da gangan, kuma hakan na hana kaya gogar bango. Har yau ƙugiyoyin na aiki: a gabana aka ja kujera zuwa hawa na uku, don matakalar cikin gida ta yi ƙunci. Kawunan gidajen kuma kowanne da yankansa, wani kamar matakala, wani kamar ƙararrawa, sai suka tuna mini da zankwayen gidajen Zariya.

Nan ma wuta ce malamarsu. Da katako aka fara gina garin, gobarar 1421 da ta 1452 suka cinye mafi yawansa. Daga nan hukuma ta matsa a koma jan bulo, aka hana rufin ciyawa. Yau gidajen katako na wancan zamani biyu kacal suka rage a tsakiyar gari. A 1672 wani mai zane mazaunin garin, Jan van der Heyden, shi da ɗan'uwansa suka fito da tiyon fata na kashe gobara, aka rarraba famfuna unguwa-unguwa. Akwai kuma ginin da ake kira Waag, tsohuwar ƙofar gari da aka mayar gidan awo. Kaya masu nauyi sai an kai su sikelin hukuma, mai saye da mai sayarwa kowa ya ga nauyi da idonsa. Mun san rigimar da mudu da sikeli ke haddasawa a tsakaninmu.

Gaskiya ɗaya ce, dole a faɗe ta: ba duk dukiyar da ta gina gidajen nan ce mai tsabta ba. 'Yan'uwanmu na Gana sun san gidan kurkukun bayi na Elmina. Mutanen Fotugal suka gina shi a 1482, mutanen Holan suka ƙwace a 1637, suka riƙe har 1872. Wani ɓangare na ribar ɗakunan duhun can a bakin ruwan Amstadam ya sauka. A ranar 1 ga Yulin 2023 sarkin Holan ya tsaya a wannan gari ya nemi gafara a kan cinikin bayi. In kana sha'awar ginin, ka riƙa tunawa da wannan.

Shawara ga mai zuwa: jan titin da ke gefen hanya na masu keke ne, kada ka tsaya a kai kana ɗaukar hoto, ba sa taka birki don baƙo. Za ka ga manyan tagogi ba labule, kana wucewa kana hango mutane suna cin abinci, abin da mu masu zaure da katanga ba mu saba ba. Na yi sallar Juma'a a masallacin Westermoskee da Turkawa suka buɗe a 2016. Ƙubba da hasumiya irin na Santambul ne, amma da jan bulon garin aka gina shi, ya zauna cikin unguwar kamar ɗan gida.

Daga Amstadam jirgin sama ya kai ni Lisbon cikin kamar awa uku. Nan rana ta fito, jikina ya saki. Gari ne na tuddai a bakin kogin Tagus, bangayensa lulluɓe da tayil mai shuɗi da fari da suke kira azulejo, kalmar da ta samo asali daga Larabci. Musulmi sun mulki garin fiye da shekara 400, har zuwa 1147. Tsohuwar unguwar Alfama ma sunanta daga Larabci ne, lungunanta a murɗe, wani mutum biyu ba sa jerawa. A dandalin São Domingos na tarar da mutanen Gini Bisau zaune suna hira, har goro na saya a hannun wata baiwar Allah.

Kana saukowa daga Alfama zuwa unguwar kasuwanci ta Baixa sai ka ga kamar an canza gari: tituna miƙaƙƙu kamar an ja su da zare, gidaje tsawo ɗaya, tagogi iri ɗaya. Dalili shi ne safiyar 1 ga Nuwamban 1755. Ƙasa ta girgiza, teku ta taso ta afka wa gari, wuta kuma ta yi kwanaki tana ci. Dubban mutane suka mutu, fadar sarki ma ta tafi. Babban wazirin sarki, wanda daga baya aka sani da Pombal, ya hana kowa sake gini a kan tsohon kangonsa sai an gama shata sabon tsari. Injiniyoyin soja suka faɗaɗa tituna. A cikin kowane bango suka saƙa katako kamar keji, don in ƙasa ta motsa ginin ya yi lilo maimakon ya rufto. Tsakanin gida da gida suka ɗaga katanga ta zarce rufi, don wutar wannan kada ta tsallaka wancan. Sannan aka raba tituna bisa sana'a, sunayen na nan har gobe: titin zinariya, titin azurfa, titin masu takalma, titin dukawa masu sirdi da linzami, titin 'yan yadi. Filin da fadar sarki take a da aka sa masa suna Dandalin Kasuwanci.

Garuruwa uku, harsuna daban, amma labarin ya zo ɗaya. Mu ma ai ba baƙin gobara ba ne. Babbar kasuwar Lome ta ƙone a 2013, ta Sabon Gari a Kano a 2016, Kantamanto ta Akara a farkon 2025. Kowannenmu ya san wani da ya kwana da jari ya tashi da toka, kuɗin makarantar yara da kayan auren 'ya duk sun tafi dare ɗaya. Abin da muka saba shi ne kafin hayaƙi ya lafa kowa ya kawo katako da kwano ya kafa a inda yake, har ya ɗan ci hanya, don tsoron kada a ba wani wurin. Tsoron kuwa na gaskiya ne, musamman ga baƙo a ƙasar mutane. Sai dai shi ke sa motar 'yan kwana-kwana ta zo ta tsaya a bakin kasuwa ta rasa ta inda za ta shiga.

Ba mu da kuɗin Amstadam, kasuwannin da muke ciki ma ba mu ke da ikon shata su ba. Amma layinmu namu ne, kuma muna da shugabanni, muna biyan kuɗin ƙungiya duk wata. Hanyar da mota za ta iya bi, bangon bulo bayan kowane 'yan shaguna, wayar lantarki da ƙwararre ya ja, tukunyar kashe wuta a kowane layi, da hana kwana da gawayi ko fetur a shago, duk ba su fi ƙarfin asusunmu ba. Mai wuyar ita ce a samu shugaban da zai ce wa Alhaji mai babban jari ya janye teburinsa daga hanya, ya kuma janye. Maɗinka da masu burodin Burusel sun yarda an duba zanen gininsu kafin su ɗora dutse, ga shi har yau gidajensu na tsaye a dandalin. In taron ƙungiya na gaba ya zo, don Allah a sa maganar nan a gaba kafin a shiga rabon kuɗin biki.