Ranar da Na Yi Shatar Jirgi a Yawuri

An haife ni a Jandutsi, a ƙasar Jega, inda Gulbin Zamfara ke ratsawa, amma har na haura shekara talatin ban iya iyo ba. Ba ni kaɗai ba ne a gidanmu. Inna ta rasa ƙaninta a ruwa tun tana budurwa, saboda haka ta haramta mana gulbi baki ɗaya. Sa'o'ina sun koyi ninƙaya a fadamu da kududdufai, ni kuwa aikina tsaron rigunansu a bakin gaɓa.

Abin da ya motsa tsohon mikin wani aboki ne da muka karanci aikin jarida tare. Aiki ya kai shi Zanzibar, ya dawo da hotuna da labari. Ya ce shi da abokan tafiyarsa sun yi shatar ƙaramin jirgi na yini guda, aka kai su kusa da tsibirin Mnemba, suka kwanta rub da ciki a saman teku suna kallon kifaye kamar mai leƙen akwatin gilashi. Tsarabarsa ita ce madubin nutso da wani lanƙwasasshen bututu da ake kamawa da baki. Na ce masa ai mu ma muna da ruwa. Ya yi dariya. Dariyar nan ce ta kai mu Yawuri a ƙarshen Fabrairun 2024, ni da shi da ƙanina, da rigunan kariya shida da na aro a Birnin Kebbi. Inna ba ta ji labari ba sai bayan mun dawo.

Mun bi ta Maiyama da Koko, muka kwana a Yelwa, da sassafe muka sauka bakin ruwa. A wurinmu shata ba baƙuwar kalma ba ce. Ana shatar mota don kai amarya, ana shatar babbar mota don kai albasar Aliero kudu. Abin da bakin ruwa bai saba da shi ba shi ne mutum ya ɗauki jirgi sukutum ba kaya, ba biki, ba gawa. Dattijon da aka haɗa mu da shi, Basarke ne da furfura ta cinye gemunsa, ya tambaye ni sau biyu.

"Ɗana, ina za a kai ku?"

"Ba ko'ina, Baba. Yawo za mu yi, mu yi wanka, mu dawo."

"To, kuɗin ba ko'ina sun ɗara na zuwa kasuwa," in ji shi.

Lissafinsa ba shi da murɗiya. Ya ƙirga mutanen da zai ɗauka in da ranar kasuwa ce, ya ninka da kuɗin kowane kai, ya ce man fetur a wuyana. Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023, in ji shi, inji ne ke cin rabon farko kafin iyali. A nan na fara gane abin da nake saye. Kuɗin da na biya na kujerun da ba kowa a kansu ne. Na sayi tazarar da ke tsakanin bakin jirgi da fuskar ruwa, wadda a ranar ta kai kamu guda, alhali ranar kasuwa takan koma faɗin tafin hannu.

Wannan tazara ba ƙaramin abu ba ce ga duk wanda ya yi aikin jarida a Kebbi. A ranar 26 ga Mayun 2021 wani jirgin katako da ya taso daga ɓangaren Jihar Neja ya dare a ruwa kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski, da mutum fiye da 150 a cikinsa, ban da kaya. Waɗanda suka tsira ba su wuce ashirin da 'yan kai ba. Kwana da kwanaki ana tsamo gawarwaki. Na rubuta labarin daga ofis, ta waya, na yi amfani da kalmar "lodi fiye da kima" kamar kowa, kuma na ɗauka na fahimce ta. Sai da na zauna a jirgin da babu kowa na ga cewa lodin ba haɗama ce kawai ba. Fasinja ba ya iya biyan fiye da abin da yake biya, matuƙi ba ya iya tashi da ƙasa da abin da zai mayar masa da kuɗin mai, hanyar mota kuwa ko dai babu ko ta yi zagaye mai nisa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lokoja, ta hana tafiyar dare, ta wajabta rigar kariya, kuma doka ce mai kyau. Sai dai dokar ba ta sayen fetur.

Muka tashi hantsi bai yi ba. Ƙasa da Yelwa kogin yakan buɗe har ido ya rasa ɗaya gaɓar, domin nan ne kan tafkin Kainji. An kammala madatsar a 1968, ruwa ya taru ya rufe ƙasa mai faɗin murabba'in kilomita kusan 1,300, aka tashi mutum fiye da dubu 40 daga garuruwansu. Tsohuwar Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, tana ƙarƙashin wannan ruwa. Gungawa, mutanen tsibirai, da yawansu sun bar gungayen kakanninsu suka koma tudu. Amma itatuwa ba a tashe su ba. Da yawa suna nan tsaye a ƙasa, kututtura masu tauri, kuma idan ruwa ya ja baya sukan matso kusa da sama ba tare da sun fito ba. Dattijon yakan karkatar da jirgi a wurin da ni ban ga komai ba. Da na tambaye shi, sai ya nuna wata 'yar tattara a fuskar ruwa, kamar inda aka tsuke zane. Ya ce tsamiya ce, ubansa ya sha inuwarta.

Abokina ya ƙagu ya gwada madubinsa. Ya nuna wani lungu mai kyan gani, ruwa a kwance, ciyayi kore shar a gefe, ga inuwa. Dattijon ya kaɗa kai.

"Kak ka shiga nan, Malam. Wurin ga na dorina ne. In kuwa ba ta nan, akwai abin da ya fi ta."

Tsargiya yake nufi. Duk ɗan karkarar da ya tashi kusa da fadama ya san ta, fitsarin jini da a da wasu ke ɗauka alamar yaro ya fara zama namiji. Wata tsutsa ce ke kawo ta. Ƙwanta yakan fita cikin fitsarin mai ɗauke da cutar, ya ƙyanƙyashe a ruwa, ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwa, ya hayayyafa, sannan 'ya'yan su fito su huda fatar duk wanda ya shiga. Ba sai an sha ruwan ba. Katantanwar tana son ruwa marar gudu mai ciyawa, wato daidai irin wurin da baƙo zai zaɓa don wanka. A teku babu wannan matsala, domin katantanwar ba ta rayuwa a ruwan gishiri. Maganinta, praziquantel, yana da sauƙin samu, amma ya fi aiki a kan tsutsar da ta girma, shi ya sa likitoci kan ce a jira makonni shida zuwa takwas bayan shiga ruwa. Mun yi hakan. Dattijon bai san sunan maganin ba, amma ya san inda cutar take kwana.

Ya kai mu wani tudun yashi a tsakiyar ruwa, ba ciyawa, ruwan yana tafiya a hankali kuma bai wuce ƙirji ba. Ya kafa gora, yaronsa ya ɗaure jirgi.

Ban zaɓi Fabrairu da ka ba. Kwara tana cika sau biyu a wannan yanki. Cikar farko ta damina ce, wajen Agusta zuwa Oktoba, daga ruwan saman da ya sauka a ƙasashenmu. Gulbin Zamfara da Gulbin Ka da Rima su kwaso laka su zuba, ruwa ya yi kauri kamar kunu. Masu nazarin kogin suna kiran wannan farar cika. Ta biyu daga nesa take zuwa. Ruwan da ya sauka a tsaunukan Gini yakan bi ta Mali, ya bazu a babbar fadamar da ke yankin Mopti, ya yi watanni yana rarrafe, lakarsa ta kwanta a can, sannan ya iso mana cikin hunturu a tace. Ita ce baƙar cika, don ruwa mai tsabta duhu yake yi a ido. Wato idan har akwai lokacin da za a ga wani abu a ƙarƙashin Kwara, wannan ne.

Abokina ya sa madubi, ya kama bututu, ya kifa fuskarsa. Bayan ɗan lokaci ya ɗago ya ce yana ganin hannunsa, ba ya ganin ƙafarsa. Da ya haƙura ya daina motsi sai 'yan warangi suka zo suna walƙiya a gabansa, sannan wata karfasa ta gifta. Iyakar abin da aka gani ke nan. Ƙanina ya tambayi dalilin da ya sa ba a tsawaita bututun mutum ya zauna a ƙasan ruwa. Amsar ita ce ƙirji ba zai iya ba. Da an nutse kamar mita ɗaya, nauyin ruwa yakan danne haƙarƙari har jan iska daga sama ya gagara, kuma dogon bututu iskar da ka fitar yake dawo maka da ita. Shi ya sa ba ya wuce tsawon kamu.

Sai aka zo kaina. Na shiga da rigar kariya a ɗaure tam, ina riƙe da gefen jirgi. Abokina ya ce a Zanzibar ruwa da kansa yake ɗaga mutum, kuma da gaskiyarsa, domin ruwan teku ya fi na kogi nauyi da kusan kashi 2.5 cikin ɗari. Wannan bayani bai saki yatsuna daga katako ba. Dattijon ne ya sauko, ya tuɓe rigarsa, ya sa tafin hannunsa a ƙeyata.

"Kwanta awa kana bisa tabarma. Dubi sama. Ruwa ba ya son mai gardama."

Na kwanta. Kunnuwana suka shiga ruwa, duniya ta yi tsit, sai ƙarar yashi da ke gudu a ƙasa. Ban san lokacin da ya janye hannunsa ba. Ba zan ce na koyi iyo a ranar ba, riga ce ta ɗauke ni. Amma shi ne karo na farko da na shiga ruwan da ya fi ƙarfina ban ji muryar Inna ba.

Muna cin gasasshen kifi a kan yashi, na yi ta tunanin yadda muke ɗaukar ruwa. Ba mu rasa gwanaye ba. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, kuma UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2016, yana da wasannin Kabanci: tseren iyo, kurme, kamun agwagwar ruwa, tseren kwalekwale. Yawuri na da Rigata. Sai dai gwanintar ta gado ce, tana gidajen masunta. Mai sayar da gero da ke haye kogi duk mako, da matar da ke goye da jariri a tsakiyar jirgi, ba su da rabo a ciki, kuma ban san makarantar gwamnati ko ɗaya a yankinmu da ke koya wa yara iyo ba. Mu da muka fi kowa hawa ruwa bisa tilas mu ne muka fi ƙarancin shiga cikinsa bisa ganin dama.

La'asar sakaliya dattijon ya ce a tashi, ba ya son magariba ta same shi a ruwa. A hanya muka biyo ta gefen wani gungu. Mutane na tsaye a gaɓa suna ɗaga hannu, na ƙirga goma sha uku, yawancinsu mata, da buhuna biyu da wata tsohuwa a kwance a kan zane. Dattijon ya rage wuta, ya dube ni. Jirgin nawa ne har faɗuwar rana.

Tun daga gida na yi wa kaina alkawari cewa ba wanda zai hau wannan jirgi ba riga. Riguna shida ne, uku na jikinmu, uku a ajiye domin dattijon da yaronsa sun ƙi sawa. Na ce a ɗauki mutum uku, tsohuwar da masu jinyarta.

"Sauran hwa?" ya tambaya.

"Su jira na gaba, Baba."

"Na gaba shi ne na ƙarshe. Bayan isha'i shi ka zuwa, daga kasuwa, cike."

Na dubi katakon da ba kowa a kai, wanda na biya kuɗinsa da safe. Na ce su shigo duka. Aka sa wa tsohuwar riga ɗaya, biyu aka ba mata masu goyo. Abokina ya cire tasa ya miƙa, ƙanina ma haka. Wata yarinya da ba ta wuce shekara bakwai ba ta zauna kusa da ni, ba ta da riga, ko da ma akwai ta manya ce, za ta zame mata. Na kai hannu kan maɗaurin tawa, na tsaya. Ban cire ba. Na riƙe damtsenta da hannun hagu har muka iso Yelwa, ana kiran sallar magariba. Uwarta ta kwance bakin zane za ta biya, dattijon ya nuna ni da haɓa ya ce an riga an biya.