Chemmeen: Fim ɗin Masuntan Kerala da Muryar Baƙo

Idan aka ce fim ɗin Indiya, na harshen Hindi ne ke faɗo wa Bahaushe a rai. To amma can kudu, a jihar Kerala, masu magana da harshen Malayalam suna da nasu, kuma da wuya a sami wanda ya kai Chemmeen suna a cikinsu. Ma'anar kalmar ita ce jatan lande. Ramu Kariat ne ya ba da umarni, aka fitar da shi a 1965, an kuwa ciro labarin daga littafin Thakazhi Sivasankara Pillai na 1956. Shi ne fim na farko daga kudancin Indiya da ya ci lambar zinariya ta Shugaban Ƙasa.

Karuthamma 'yar masunci ce mai bin addinin Hindu, tana son Pareekutty, saurayi Musulmi mai fataucin kifi. Mahaifinta ya karɓi kuɗi a hannun saurayin ya sayi jirgin ruwa da taru, bisa alkawarin shi zai riƙa sayar wa kifin da ya kama. Da arziki ya zo sai ya juya masa baya, yaron ya karye, ita kuma aka aurar da ita ga Palani, wani maraya gwanin su. Masuntan sun yi imani cewa muddin matar aure ta ci amana a tudu, Kadalamma, wato uwar teku, za ta haɗiye mijinta a ruwa. Nan ne fim ɗin yake da ciwo. Uban da ya ci amanar kuɗi a bainar jama'a ba shi tsegumin gari ya bi ba, 'yarsa ya bi, tun ba ta yi laifin komai ba.

Waƙoƙin kuwa, abin mamaki, rabinsu aikin baƙi ne. Vayalar Ramavarma ɗan Kerala ya rubuta baitocin, amma Salil Chowdhury, mutumin Bengal, shi ya tsara kiɗan. Waƙar begen da Pareekutty ke rerawa da dare a bakin teku, Manna Dey ne ya yi ta, shi ma ɗan Bengal, ko da yake matarsa 'yar Kerala ce. Masu harshen suna jin baƙuntar lafazinsa, duk da haka sun rungumi waƙar har yau. (Ɗalibin da ke fama da ɗ da ƙ ya lura.) Wataƙila ma baƙuntar ta dace da mai waƙar, domin Pareekutty bare ne a cikin masuntan, yana zaune a gefensu amma ba ya shiga jirginsu.

A daren da masoyan suka sake haɗuwa, Palani yana can shi kaɗai yana fama da wani ƙaton kifi, guguwa ta taso, ruwa ya ci shi. Daga baya aka tsinci gawar Karuthamma da ta Pareekutty a kan yashi, suna riƙe da juna.