Inci Biyu Sun Ishi Motar Baba

A wannan yanki namu mota iri biyu ce ke amsa sunan Hilux. Akwai ta ayarin manya, fara tas mai baƙin gilashi, wadda ke wucewa da jiniya. Akwai kuma irin ta gidanmu, a-kori-kura da ke kwana da warin albasa ta tashi da na taki. Ta biyun nake son mu yi hirarta, 'yan uwa ɗalibai, musamman mu 'yan sashen injiniyan kanikanci, domin kafin Kwalejin Abdu Gusau ta ba mu difloma akwai wata jarrabawa da ake yi mana a gida, wadda in ka faɗi babu kari-oba. Tawa jarrabawar a kan tsawon mota aka yi ta.

Motar nan ita ke ciyar da gidanmu, ita ke biyan kuɗin makarantata. Aikinta duk a kewayen Bakolori yake. Madatsar da aka kammala a 1978 a kan Gulbin Sakkwato ita ke shayar da gonakin noman rani a ƙasar Talata Mafara da Bakura da Maradun, kuma tsakanin garuruwan nan uku motar ke kai-komo kullum. Ta kai taki gona, ta ɗauko shinkafa da albasa da tumatir, ranar Talata ta sauke su a kasuwar Mafara. Kwalta kaɗan ce a cikin tafiyarta. Yawancin hanyar ta bakin kanal ce, inda tarakta da manyan motoci suka haƙa kwari biyu suka bar tudu a tsakiya. In an yi ruwa laka ce, in rani ya yi kuma tudun ya bushe kamar siminti, yana jiran cikin mota.

Bara motar ta fara gogar ƙasa duk lokacin da aka yi mata lodi. Yayana, wanda shi ke tuƙa ta, ya ce magani ɗaya ne, a ɗaga ta inci huɗu kamar waɗanda yake gani a TikTok, a sa mata manyan tayoyi. Baba ya ware kuɗin daga cinikin shinkafar rani, kuɗin da babu na biyunsu sai wata shekara. Da na je hutun tsakiyar zango ya kira ni ya ce, "Kai ne muka kai boko kana karatun inji. Ka duba motar ga ka faɗa muna gaskiya. Abin da ka ce shi za a yi." Yaya ya yi dariya ya ce, "Baba, wanga yaron ko faci bai iya ba." Na haɗiye, don na san shekarunsa a kan sitiyari sun fi nawa a aji.

Abin da na fara yi shi ne aron tef. Muka kai motar wuri mai daidai, na auna daga tsakiyar kowace ƙafa zuwa leɓen bodin da ke samanta, da farko babu kaya, sannan da buhunan taki. Awon ya nuna abin da ido bai gani ba: bayan motar ya riga ya zauna tun kafin a ɗora mata komai. Sifirin ɗin baya, wanda ya kamata ya lanƙwasa kamar baka, ya miƙe kusan sambal, kuma da lodi aksil yana zama ne a kan robar da aka sa don tare shi. Shokazoba ɗaya ta jiƙe da mai. Ashe rabin tsawon da Yaya ke nema tsawon da motar ta zo da shi ne daga kamfani, shekaru da lodi suka cinye.

Daga nan sai tambayar me ake ɗagawa in an ce an ɗaga mota. Hilux irin tamu, ta bayan 2005, ƙafafunta na gaba kowace zaman kanta take, da sifirin mai naɗi, na baya kuma aksil ɗaya ne ya haɗa su, da sifirin mai falle-falle. In ka ɗaga gaba, cikin motar na gaba ya tashi daga ƙasa da gaske. In ka ɗaga baya, bodi da casis ne ke tashi, amma tulun difarenshal da ke tsakiyar aksil yana nan inda yake. Shi ne kuwa mafi kusa da ƙasa, shi ne ke fara cin karo da tudun tsakiyar hanya. Ko ka ɗaga ta inci goma, tulun nan ba zai motsa ba. Taya kaɗai ke ɗaga shi, ita ma kaɗan-kaɗan: in ka bar taya mai lamba 265/65 ka koma 265/70, abin da ka samu kashi 5 cikin 100 ne na milimita 265, wato milimita 13. Da na nuna wa Yaya wannan a ƙarƙashin mota, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "To amma dai ta fi kyau."

Kyau kuwa yana da farashi, kuma farashin farko a kwana ake biyansa. Mun yi lissafin a aji: ka ɗauki faɗin da ke tsakanin ƙafar hagu da ta dama, ka raba shi da ninki biyu na tsawon cibiyar nauyi daga ƙasa. Yadda amsar ke raguwa, haka motar ke saurin kifewa. Mu ƙaddara faɗin mita 1.5 ne, cibiyar nauyin tana santimita 70. Amsa 1.07. Ƙara santimita 5, wato inci biyu, ta sauko 1.0. Ƙara santimita 10, ta koma 0.94. Wannan fa kafin a jera buhunan albasa su wuce kan direba. Ko wadda ba a taɓa ba tana da iyaka. A 2016 wata mujallar motoci a ƙasar Siwidin ta gwada sabuwar Hilux da irin kaucewar gaggawa da direba ke yi in dabba ta faɗo masa, motar ta ɗaga ƙafafu biyu a gudun kusan kilomita 60 a awa. Su barewar daji suke tsoro. Mu a kan titin Gusau zuwa Sakkwato akwai akuya, akwai ɗan acaɓa, akwai ramin da ba ka gani sai ka zo kansa.

Farashi na biyu a gareji ake biyansa. Shaf ɗin da ke kai ƙarfi ga ƙafafun gaba an ƙera shi ya yi aiki kusan a kwance. In ka ɗaga mota sosai, sai ya riƙa juyawa a karkace, robarsa ta yage, yashi ya shiga, joyin ya fara ƙara. Boljoyin na sama shi ma yana kaiwa ƙarshen lanƙwasarsa, alaimen ya ƙi zama, taya ta ci gefe guda. Inci huɗu na gaskiya sai an sauya hannayen sama, an ƙara tsawon tiyon birki, an gyara zaman furofela. A Ostareliya, inda Hilux ta yi yawa kamar jamfa a Jos, ƙa'idarsu ta ɗauki milimita 50 a matsayin abin da mutum zai ɗaga sifirin ba tare da neman takardar injiniya ba. Inci biyu kenan. Mu nan ba mai tambayar takarda, amma ƙarfen iri ɗaya ne, kuma in wani fitinanne ya karye a bayan Maradun, sai an aika Gusau ko Sakkwato, wani lokaci har Kano, tumatir kuwa ba ya jira.

Akwai abubuwa biyu da babu su a littafin darasi. Na farko 'yan dako. Tan ɗaya buhun taki 20 ne masu kilo 50, kuma abin da motar za ta iya ɗauka kenan a ƙiyasce, har da mutanen ciki. Kowane buhu da kafaɗar mutum yake hawa. Ƙarin inci huɗu a kan kowane buhu, safe da yamma, bayan wani ne zai biya shi. Inna ma da ƙyar take hawa in za a kai ta asibiti, balle an ƙara mata tsani. Na biyu kowa a nan ya san shi ba sai an faɗa ba. A halin tsaron da muke ciki, doguwar Hilux mai manyan tayoyi ba ta kama da motar manomi. Tana kama da ta jami'ai ko ta mai kuɗi, kuma a kan hanyar Bakura ko ta Maradun babu ɗaya daga cikin biyun da nake son a ɗauki yayana. Da na faɗi wannan, Baba bai ce komai ba, carbinsa kawai ya ci gaba da ja.

Hanyoyin ɗagawa da aka kawo mana huɗu ne. Wani mai walda ya ce zai ƙara tsawon maratayin sifirin da guntun ƙarfe, kuɗinsa kamar kyauta. Na ƙi, don nauyin tan ɗaya ba ya rataya a kan walda ta bakin titi. Wani ya ce a cire sifirin a gasa a buga ya koma baka. Wuta tana kashe taurin da aka ba ƙarfen a masana'anta, bayan 'yan watanni zai sake kwanciya ko ya tsage. Na uku shi ne a cusa kauri, a sama a gaba, a ƙarƙashin sifirin a baya. Wannan yana ba da tsawo, amma gajiyayyen sifirin yana nan da gajiyarsa, lodi ɗaya zai mayar da shi inda ya fito. Na huɗu shi ne mafi tsada: sabon sifirin baya mai ƙarin falle ɗaya da aka yi don kaya, sabon na gaba mai ɗan tsawo, da shokazoba huɗu da tsawonsu ya dace da su. Gaba ya tashi kamar inci ɗaya da rabi, baya inci biyu, ta yadda in an yi lodi motar za ta daidaita maimakon ta ɗaga hanci sama. Shi na zaɓa. Tayoyi kuma na ce a bar su sai sun ƙare, sannan a ƙara lamba ɗaya kacal.

Yaya bai ji daɗi ba. Ya ce, "Ƙane, kuɗin inci huɗu za mu kashe mu sami biyu?" Na ce, "Yaya, ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Kai za ka shiga kwanar nan da buhu ashirin, ba masu bidiyo ba." Baba ya dube mu ya ce, "A yi yadda yaro ya ce."

Kwana biyu na yi a gareji tare da bakanike, kuma a nan na ga amfanin watannin da muka yi a horon sanin makamar aiki. Ba mu ɗaure notocin bushin ba sai da motar ta sauka a kan ƙafafunta, don kada robar ta murɗe. Akwai wani ɗan bawul a bayan motar da ke auna lodi ta tazarar bodi da aksil, ya raba ƙarfin birki. In ka ɗaga mota ka bar shi, zai ɗauka kullum babu kaya, ya rage wa ƙafafun baya birki daidai lokacin da ake buƙatarsa. Muka gyara masa zama. Aka yi alaimen, aka saukar da hasken fitila don kada ya kashe wa masu tahowa ido. Bayan mako guda muka koma aka sake ɗaure ƙarafan da ke riƙe sifirin da aksil. Bakaniken ya ce, "Injiniya, kai dai akwai naci." Karon farko kenan da wani ya kira ni haka ba da zolaya ba.

Motar ta daina zama a kan roba, cikinta ya daina gogar ƙasa a mashigar gonaki. In babu kaya bayanta yana tsalle fiye da da, Inna ta yi ƙorafin haka, kuma tulun difarenshal har yanzu yakan taɓa tudu a wurare biyu da Yaya ya sani, sai ya hau da ƙafa ɗaya a kan tudun ya wuce a hankali. Har gobe in ya ga doguwa a hanya sai ya bi ta da kallo.

Yawancinmu in mun gama ba kamfanin ƙera motoci ne zai fara ɗaukarmu ba. Injin ban ruwan kawu ne zai fara zuwa hannunmu, ko janareton maƙwabci, ko motar gida, kuma kuɗin da za a kashe bisa maganarmu na mutanen da muke cin tuwo tare ne. Ku riƙe tef da littafi. Awon da na ɗauka ranar farko yana nan a rubuce, in damina ta wuce zan sake aunawa in ga nawa sabon sifirin ya zauna, kuma malamin da ke duba furojet ɗina ya yarda in sa lissafin a babi na huɗu.