Cakulan, Goggona da labarin hawan jini



Duk wanda ya tashi a Yola ko Jimeta ya san cakulan baƙo ne a garin nan, kuma yanayinmu bai taɓa karɓarsa hannu bibbiyu ba. Man da ke cikin cakulan na ainihi yana narkewa ne a wajen digiri 34 na ma'aunin zafi, wato ƙasa kaɗan da zafin jikin ɗan Adam, wanda yake 37. Shi ya sa da ka ɗora shi a harshe sai ya narke da kansa ba sai ka tauna ba, kuma rabin daɗinsa ke nan. To mu kuwa a watannin Maris da Afrilu zafinmu yana haura 40. Sayi cakulan a babbar kasuwar Jimeta ka hau Keke Napep, kafin ka isa Yola gari ya zama kunu a cikin takardarsa. In kuwa ka ga wani ya wuni a faranti cikin rana a bakin titi bai ko yi laushi ba, to akasari ba man koko ba ne a cikinsa, wani man ne mai arha aka sa a madadinsa.

Ni dai masoyin cakulan ne, ba na ɓoyewa. Muna yara, wanda ya fi shiga ranmu shi ne Mambo, na kamfanin Chococam da ke Duwala, wanda 'yan kasuwa da 'yan uwa ke shigo mana da shi daga Garwa. Akwai kuma Tartina da ake shafawa a burodi, wanda in an kawo gwangwani ɗaya gida sai uwa ta ɓoye shi a ƙarƙashin gado kamar kuɗin adashe. Ga tsarabar alhazai, dabino a gefe, cakulan mai takardar ruwan zinariya a gefe. Ga na teburin mai shayi, Bournvita ko Milo da madara, a yi ta ɗaga kofi sama ana zubawa har ya yi kumfa. Mutumin da ya ce ba ya jin daɗin wannan da sanyin safiya lokacin hunturu, ban ce ya yi ƙarya ba, amma zan so in ga shaidunsa.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne Goggona. Ta daɗe tana fama da hawan jini da ciwon suga, kuma ta yi shekaru tana shan shayi ba suga, tana kallon jikoki suna shan alawar Sallah ita ba dama. Kwatsam sai wani saƙo ya shigo zauren danginmu na WhatsApp, wai masana sun gano cakulan yana maganin hawan jini, yana gyara zuciya, har yana hana ciwon suga. Aka karanta mata. Tun daga ranar, kullum bayan sallar isha'i sai ta aiki jika kanti ya sayo mata irin mai madarar nan, ta zauna ta shanye abinta hankali kwance. Da na je gaishe ta na tarar da takardun a gefen tabarma, sai na ce, "Goggo, wannan fa?" Ta ce, "Ɗana, likitocin Turai sun 'yanta ni." Na ce, "Wane iri suka ce a sha?" Ta ce, "Cakulan ai cakulan ne." Abin da ya fi tayar min da hankali ma shi ne ta fara tsallake ƙwayar hawan jininta, tunda a ganinta ta sami magani mai daɗi. Da aka auna ta a ƙarshen watan, sugan ya hau, jinin kuma bai sauka ba.

Matsalar saƙon nan ita ce ba ƙarya ce zalla ba, shi ya sa yake da wuyar ƙaryatawa. A cikin 'ya'yan koko (koko na bishiya nake nufi, ba wanda muke sha da ƙosai ba) akwai wasu sinadarai da ake kira filabanol, waɗanda ke taimaka wa jijiyoyin jini su saki jiki. Labarin ya yi ƙarfi ne bayan da wani likita na jami'ar Harvard, Norman Hollenberg, ya yi bincike a kan mutanen Kuna da ke zaune a tsibiran ƙasar Panama. Suna shan ruwan koko kofi da yawa a kullum, kuma hawan jini bai cika samunsu ba ko da sun tsufa. Amma nasu ruwan koko ne, ba alawar kanti ba.

Da aka zo ana gwadawa a asibiti, sai abin ya ragu ƙwarai. A 2017 ƙungiyar Cochrane ta tattara gwaje-gwajen da aka yi a kan koko da hawan jini, ta ga saukar da ake samu ba ta wuce kusan maki 2 ba. Wanda jininsa yake 160 ya koma 158, me aka yi ke nan? Sai kuma babban gwajin nan na Amurka mai suna COSMOS, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2022. Mutum sama da 21,000 aka bibiya fiye da shekara uku, kuma ba cakulan aka ba su ba, ƙwayar magani ce da aka tace filabanol aka zuba a ciki, ba suga ba mai. Sakamakon ya nuna raguwar mace-mace ta ciwon zuciya, amma a kan ainihin tambayar da aka shirya gwajin dominta, wato jimillar bugun zuciya da shanyewar jiki da makamantansu, ba a sami bambancin da za a kafa hujja da shi ba. Ya kamata kuma a sani kamfanin Mars, mai yin cakulan, yana cikin waɗanda suka ɗauki nauyin aikin. Ba ina cewa an yi coge ba ne, amma mai hankali yakan tambayi wa ya biya kuɗin kiɗa.

Batun ciwon suga kuwa, a Disamban 2024 mujallar likitoci ta BMJ ta buga wani bincike da ya nuna masu cin baƙin cakulan sau biyar ko fiye a mako sun fi ƙarancin kamuwa da ciwon suga da kashi 21 cikin ɗari. A cikin binciken nan dai aka ce mai madara bai nuna wannan amfani ba, ƙiba ma yake ƙarawa. Wannan rabin na biyu shi ne bai iso zauren danginmu ba. Kuma ko na farkon, magana ce ta waɗanda ba su kamu ba tukuna, ba ta wadda ta yi shekaru tana shan magani ba.

Yanzu mu zo lissafi, don a nan ne ake yi wa rogo kallon kitse. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa sugan da babba zai sha a rana kada ya wuce kimanin giram 50, wato ƙaramin cokali 12, in ma da hali ya tsaya a rabin haka. Cakulan mai madara kuwa kusan rabin nauyinsa suga ne. Sanda guda mai giram 100 ta cinye maka kason wuni guda cif, ba a zo ga shayin safe da zoɓon rana da lemon kwalba ba. Akwai wata dabara mai sauƙi da nake koya wa yaran gidanmu: a juya bayan takarda a karanta jerin kayan haɗi. Ka'ida ita ce abin da ya fi yawa shi ake fara rubutawa. In ka ga suga ne a farko, ka san abin da ka saya. Haka ma garin da muke zubawa a shayi, da sugansa yake zuwa, sannan mai shayi ya ƙara cokali biyu ko uku a kai, mu kuma mu ce a daɗa madara. A wajen karanta takardar nan ne kuma mutum zai gane irin na waje da ake sa wa giya a ciki, don akwai su, musamman cikin na tsaraba.

Filabanol ɗin da ake ta yabo ɗaci gare shi, kuma yawancin abin da masana'anta ke yi wa koko, daga gasawa zuwa wanke shi da sinadarin da ke kashe tsami, rage ɗacin nan ne, amfanin kuma yana tafiya tare da shi. Na nemo wa Goggo irin baƙin, wanda aka rubuta kashi 70 cikin ɗari a jikinsa, a wani babban kanti a Jimeta, da tsadarsa kuwa. Ta gutsura, ta yamutsa fuska, ta ce, "Wannan ai goro ne ya sa kayan Turawa." Dariya na yi, amma ta faɗi gaskiyar da ba ta sani ba. Masana tsirrai sun sa bishiyar koko da ta goro a dangi ɗaya, kuma dukansu suna ɗauke da kafin da wani sinadari mai suna tiyoburomin, masu wartsake mutum. Wani abin mamaki, kuka da kuɓewa da yakuwa ma duk 'yan wannan dangin ne. Ashe dai mun daɗe da zumunci da cakulan ta wajen miya.

Likitan da ke duba ta ya yarda ta ɗan gutsuri baƙin jefi-jefi, ɓalli ɗaya ko biyu bayan abinci, bisa sharaɗin ba za ta sake tsallake ƙwayarta ba. Ya kuma gaya mana abin da ban taɓa ji ba: in sugan mai ciwon ya faɗi ƙasa har jiki yana rawa, kada a ba shi cakulan, don man da ke ciki yana jinkirta shigar sugan cikin jini. Ruwan suga ko lemo ya fi sauri. Masu ƙwannafi su ma su yi hattara, yana tayar wa wasu da shi, kuma baƙin yana iya hana barci in an ci da dare. Yara kuwa, matsalarsu haƙori ce, musamman wanda ya sha ya kwanta bai wanke baki ba. Amma farin nan da ke fitowa a jikin cakulan in ya narke ya sake daskarewa, kamar yadda yake faruwa kullum in wuta ta ɗauke firji ya huce, ba ruɓewa ba ce, man ne ya taso sama.

Akwai abin da yake ba ni mamaki duk lokacin da na tuna. Kayan haɗin cakulan uku ne manya: koko, suga, madara. Duka ukun muna da su a Adamawa. Ana noman koko a yankin Toungo da Ganye, inda ruwan sama ya fi namu yawa. Ga gonakin rake da kamfanin suga a Numan. Madara kuwa, wa zai gaya wa Fulani? Amma kokon namu a buhu yake fita ɗanye, ya dawo mana a takarda mai ƙyalli da farashin da talaka ba ya iya taɓawa, ga shi a 2024 da farashin tan ɗaya ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, saboda amfanin gona ya lalace a Ghana da Kwaddibuwa, abin ya ƙara tsada.

Bara wani abokin aikina ɗan Toungo ya kawo min ƙwallon koko guda daga gonar mahaifinsa, rawaya, ya kai girman ƙaramar gwanda. Muka fasa shi da wuƙa a tsakar gida, yara suka kewaye. A ciki akwai 'ya'ya wajen talatin ko arba'in, kowanne lulluɓe da farin nama mai zaƙi da ɗan tsami, wanda yara suka tsotse tas. Da suka ciji ƙwayar kanta, mai launin shuni-shuni, sai kowa ya tofar. Ya ce a garinsu sai an tara ta an rufe da ganyen ayaba ta kwana biyar ko shida, sannan a shanya a rana, kafin ƙanshin da muka sani ya fara fitowa. Mahaifin nasa ya fi shekara ashirin yana wannan aikin, kuma in ji shi, bai fi sau biyu ya ga tsohon ya sa cakulan a baki ba.