Ɗakin da ya hana ni bin mijina

Wata goma sha tara na yi a gidan surukaina a Ƙanƙara bayan maigidana ya tafi Jamus aikin bincike a wata jami'a, kuma a tsawon lokacin nan babu irin maganar da ban ji ba. Wasu sun ce ya samu Baturiya, wasu sun ce kuɗin jirgi ne ya gagare shi. Wata gwaggona har rubutu ta aiko min in sha, wai don hankalinsa ya dawo gida. Idan na faɗi gaskiyar dalilin sai a dube ni da tausayi, irin kallon da ake yi wa matar da miji ya yaudara ita kuma ta yarda. Dalilin kuwa shi ne ɗakinsa ya yi kaɗan.

Ban ga laifin masu shakka ba. A ƙasar Pauwa wa ya taɓa jin gida ya yi wa mutanensa kaɗan? Ya tafi a watan Oktoba na 2020, ya bar ni da tsohon ciki da yara biyu. A watan Disamba aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta garinmu, fiye da ɗari uku, kuma daga nan har shekarar da ta biyo baya 'yan'uwa suka yi ta kwararowa daga ƙauyuka. Ƙanwar surukata ta zo daga wajen Faskari da 'ya'ya shida da akuya biyu. Wani ɗan wan Baba ya taso daga yankin Sabuwa da iyalinsa, ya bar masara a gona ba a girbe ba. Gidan ɗaki biyar ne da zaure. Wata rana na ƙirga kwanukan tuwon dare, a zuci, don in Hajiya ta ji ana ƙirga mutane faɗa za ta yi, na samu mu talatin da ɗaya ne. Samari suka koma zaure, aka ƙara tabarmi, aka sauya tukunya. A irin wannan gida ne zan tashi in ce mijina yana zaune shi kaɗai a ɗaki mai banɗaki da wurin girki a ciki, amma wai ba zai ɗauke mu ba.

Ga yadda lissafin yake, don na haddace shi kamar karatun allo. A wancan lokacin, kafin a ba matar baƙo irin maigidana da 'ya'yansa izinin zuwa su zauna tare da shi a Jamus, sai ya nuna yana da wurin zama da zai wadace su. Ma'aunin da hukumomin baƙi ke bi shi ne murabba'in mita 12 ga duk wanda ya haura shekara shida, murabba'in mita 10 ga wanda bai kai ba. Jaririn da bai cika shekara biyu ba ba a sa shi a lissafi. Ni da shi da babban ɗanmu 36 ke nan, a ƙara 10 na mai bi masa, ya zama 46. Ɗakinsa 24 ne. Don ki gane girman abin, ɗakin nan namu na ƙafa sha biyu-sha biyu da magina ke yi ya ɗan haura murabba'in mita 13. Wato kusan kowane kai da ɗakinsa, alhali a irin ɗakin nan nake kwana da yara uku da wata 'yar ƙanwar Hajiya.

Neman gida mai wannan girma a birnin da ke cike da ɗalibai, ga baƙon suna, ga albashin mai fara aiki, shi ya ci fiye da shekara. A tsakiyar neman, a watan Satumba na 2021, aka katse layukan waya a ƙananan hukumominmu saboda 'yan bindiga. Sai ya zama ko labarin inda aka kwana ba na samu sai wani ya yi tafiya zuwa inda akwai sabis ya dawo min da saƙo. Masu cewa ya manta da ni suka samu hujja.

Mun sauka a watan Mayu na 2022, kuma abu na farko da aka yi da mu, tun ban gama sanin hanyar kasuwa ba, shi ne rajistar adireshi. Su suna ce mata Anmeldung. Doka ta ba mutum mako biyu daga ranar da ya tare a gida ya je ofishin rajistar mazauna gari ya ce ga inda yake kwana, in ya yi sakaci tarar na iya kai wa yuro dubu. Kuma ba da baki ake zuwa ba. Tun watan Nuwamba na 2015 sai an haɗa da takarda daga mai gidan haya, ɗauke da sunan duk wanda ya shiga gidan da ranar da ya shiga. Sunan takardar kalma ɗaya ce mai tsawon igiyar guga, har yau ba na iya faɗinta sai yarana sun yi min dariya. Da shaidar rajistar nan ake komai: lambar haraji ta gidan waya take zuwa, banki na tambayarta, makarantar yaro da kuɗin tallafin yara duk sai da ita. Hatta ɗan aiken gidan waya da suna yake aiki. Idan ba a liƙa sunanka a akwatin wasiƙun ƙofar gida ba, wasiƙar komawa take yi inda ta fito.

Mu da adireshinmu shi ne "bayan masallacin Juma'a, ka tambayi gidan Malam wane", abin ya yi min nauyi a rai. Mun taso muna gudun ƙidaya. Kakanninmu sun san duk ranar da aka zo rubuta mutanen gida to haraji ne ke tafe, in shanu aka ƙirga jangali ne, har sai da gwamnatin Balarabe Musa ta soke su a 1979, lokacin Katsina na cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Haraji ya tafi, tsoron alƙalami ya zauna.

Sanyin farko ne ya sa na fara ganin abin da ma'aunin nasu ke aunawa. A Ƙanƙara ɗaki wurin kwana ne da ajiye kaya. Girki, wanki, hira, tsifar kai, wasan yara, duk a tsakar gida ake yi, maza kuma suna zaure ko dakali. Mutum talatin da ɗaya ba a ɗaki biyar suke zaune ba, a fili suke zaune, dare ne kawai ke shigar da su. A nan kuwa daga Nuwamba zuwa Maris ɗakin nan shi ne tsakar gidanki, shi ne zaurenki, rana ta faɗi tun wajen ƙarfe huɗu da rabi, ga yara uku da ba su da inda za su yi gudu sai kan kujera. Da a ɗakin nan mai mita 24 aka zuba mu, ban san abin da zai rage na zaman lafiyarmu ba. Sannan dokar tana kare baƙi daga masu haya marasa imani. A watan Yuni na 2020 ma'aikata fiye da 1,500 suka kamu da korona a wata mayanka da ke yankin Gütersloh, yawancinsu baƙi daga gabashin Turai, kuma cunkoson da suke ciki a masaukansu na daga abin da aka yi ta magana a kai. Duk da haka ina nan a kan bakana cewa dokar da ta raba uwa da jariri da uban 'ya'yanta wata goma sha tara tana da bashin da ba ta biya ba.

Jarrabawar da ta fi wuya daga baya ta zo. Wani ɗan garinmu, ɗan aminin Baba, ya shigo ƙasar, yana kwana nan da can wurin abokai. Ya roƙi maigidana abu ɗaya: ba kwana yake nema ba, a dai sa sunansa a adireshinmu don ya samu takarda. A wurinmu wannan ai ba roƙo ba ne, ko baƙon da ba ka sani ba ka ba shi ruwa da tabarma. Amma ba wa mutum adireshin da ba ya zaune a ciki laifi ne da tararsa ke iya kai wa yuro 50,000. In kuma da gaske zai tare, sai mai gidan haya ya amince, don mata da 'ya'ya ne ke shiga ba tare da neman izini ba, ban da ɗan gari. Kuma sunan babban mutum ɗaya ya isa ya rusa lissafin da muka sha wuya a kansa. Maigidana ya ce masa a'a, ya ba shi kuɗi, ya yi ta raka shi neman ɗaki har aka samu. Kafin mako ya zagayo labari ya isa Ƙanƙara cewa ɗan Malam ya zama Bature, ya hana ɗan'uwansa inuwa.

Baba ya kira, muryarsa a dake. Maigidana ya durƙusa da waya a kunne kamar yana gabansa, ya yi bayani tiryan-tiryan. Baba ya yi shiru, can ya ce, "To, ai mai unguwa ne. Nasu dai na takarda ne." Ya ce ko a nan yanzu wa zai ba baƙo haya bai kai shi gaban mai unguwa ba, da wannan zamani na masu kai wa 'yan daji rahoto? Wa kuma zai je ya shaida cewa wane a gidansa yake kwana alhali bai san inda yake kwana ba? Shi ya je da kansa ya ba amininsa haƙuri. Hajiya dai har yau ba ta gamsu ba, takan ce gidan da ake auna shi da mita kafin a yi baƙo ba gida ba ne, kanti ne.

Gidanmu murabba'in mita 61 ne. Auta ta cika shekara biyu ta shiga lissafi, mai bi wa babban ya haura shida, yanzu muna kan 58. Takardar zama ta dindindin da maigidana ke shirin nema ita ma sai an duba girman gida. Ga shi ina da ciki wata biyar. Wanda ke tafe ba za a ƙirga shi ba sai ya shekara biyu, don haka mun fara duba tallan gidaje tun yanzu.