Dokar Hana Kasko

Jama'a, in mutumin Jos ko na Gembu ya ji ɗan Jalingo yana kukan ɗari, dariya ya kan yi. Da gaskiyarsa kuwa, gama garinmu garin zafi ne, a watan Maris da Afrilu har mutum ya kan rasa inda zai sa kansa. Ina da wani maƙwabci a unguwarmu ta Barade, mutumin Nguroje ne can bisa dutsen Mambila, shi ko a tsakiyar hunturu da 'yar shara ya ke fita masallaci, yana ce mana mu ba mu san sanyi ba sai dai labarinsa. To, amma kowa da irin fatarsa. Daga tsakiyar Disamba zuwa ƙarshen Janairu, in iskar arewa maso gabas ta taso, hazo ya rufe duwatsun da ke gefen gari har ba a ganinsu, leɓe ya tsage, diddige ya yi faso, sai ka taɓa ruwan randa da asuba ka ji kamar an yanke ka da aska. A wannan lokaci kusan kowane gida da kaskonsa na wuta. Ni ne na hana shi a gidana a hunturun 2023, ga kuwa yadda muka ƙare.

Dalilina ba ɓoyayye ba ne. Ran 29 ga Mayu na shekaran nan sabon Shugaban Ƙasa, Bola Tinubu, ya ce an janye tallafin man fetur. Kafin mako ya kewayo, litar da a ke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500. Wanda bai mallaki ko keke ba ya ce ina ruwansa, ashe da ruwan kowa, don gawayi ba da ƙafarsa ya ke zuwa daga daji ba, mota ke kawo shi. Ga shi kuma masu girki da gas da kananzir sun gudo sun dawo kan gawayi da itace, masu saye suka yi yawa. Dajin ma ya ja da baya. Wanda ya bi hanyar Bali wajen 2015 ya ga yadda aka riƙa lodin madobiya, wadda 'yan katako su ke kira Madrid, ana kai ta ƙasar Sin. Abin da masu katako suka bari, masu ƙona gawayi suka bi shi.

Ni kuwa malamin firamare ne, ina koyarwa ina kuma karatu a nan kwaleji. Ɗaki biyu na ke haya, da ni da maiɗakina da 'ya'ya uku, sai kuma Inna, mahaifiyata, wadda na ɗauko daga ƙauyenmu ta wajen Lau don a yi mata aikin yanar ido. Da ya ke lissafi na ke koyarwa, wata rana da dare sai na ɗauki takarda na zauna. Ƙullin gawayi na naira 200 shi ke kwana ɗaki guda. Ɗaki biyu, naira 400 ke nan. In ɗari ya yi kwana 45, an tashi naira 18,000, a lokacin da mafi ƙanƙantar albashi a dokar ƙasa naira 30,000 ne. Ga kuɗin kwaleji yana jirana a Janairu. Na dubi lambar nan, ta dube ni. Da gari ya waye na kafa doka: wuta ta girki ce kaɗai, da an sauke tuwo a kashe garwashi a shanya shi, gobe a sake hura shi.

Maiɗakina ta ce, "To, Malam. Inna fa?"

Na ce, "Ai na sayo mata bargo."

Ba ta ƙara cewa kome ba, ni kuwa na ɗauka na yi nasara.

Kada ku ce zama na yi kawai na bar iyali da rawar ɗari. Dabaru na shiga yi, har ina jin kaina wani masani. Na je kasuwa layin 'yan gwanjo na sayo wa yara rigunan sanyi da safa. Na haɗa biyu a katifa guda su riƙa ɗumama juna, ƙaramar kuwa, 'yar shekara shida, na ce ta riƙa kwana bayan kakarta. Wanka aka mai da shi azahar, da ruwan da aka girke a rana tun hantsi. Man kaɗanya ya zama abin rabo kowace safiya. Sa'an nan na juya kan ɗakunan. Kun san halin ginin bulo da rufin kwano: da rana ya gasa ka, da dare ya saki zafin nan duka ya bar ka, balle a hunturu da iska ta ke busasshiya, babu gajimaren da zai tare ɗumin ƙasa. Saboda haka na bi kowace kafa na toshe. Ƙarƙashin ƙofa na cusa tsumma, tsakanin gilasan taga na cusa tsofaffin takardun jarrabawa, na rataya buhu a kai. Ɗakin Inna na fi yi wa aiki, don ita ce tsohuwa. Da na gama ko sauro ba shi da ta inda zai shiga. Har maƙwabcina na kira ya zo ya gani.

Inna ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Ni ne ɗanta na fari, ko sunana ba ta faɗa, balle ta roƙe ni wani abu. In na durƙusa da safe na ce, "Inna, yaya ɗari?" sai ta ce, "Lokacinsa ne." Ina dai ganin da rana ta ɗaga ta kan jawo tabarma jikin bangon gabas ta zauna shan hantsi, ta daɗe tana murza gwiwoyinta. Na ga kuma ta kan daɗe riƙe da buta kafin ta soma alwala. Na gani, amma ban sa shi cikin lissafi ba. Na manta matar nan shekara saba'in da wani abu ba ta taɓa kwanan hunturu babu wuta ba. A ɗakinta na ƙauye, ginin ƙasa mai jinka, gungume guda a ke turawa ya kwana yana ci, bango ya riƙe ɗumi, hayaƙi ya bi ta cikin ciyawa ya fice.

Ran nan cikin makon farko na Janairun 2024 aka yi wani ɗari mai shiga ƙashi. Ladan ya yi kiran farko, na farka. Kullum kafin in tashi na kan ji ƙarar butar Inna a tsakar gida, ran nan shiru. Na yi alwala, shiru. Na je na ƙwanƙwasa, na ce, "Inna, an yi kira." Ba amsa. Sai na ji kamar nishin yarinya. Na sa kafaɗa na bangaje ƙofa, sakata ta ɓalle. Wani ɗumi mai nauyi ya buge ni. Na haska tocila, ga kurfoti a tsakar ɗaki, toka ta rufe shi, da sauran ja a ƙasa. Yarinya ta yi amai a kan tabarma, tana riƙe da kai, ta kasa tashi. Inna kuwa na ɗaga hannunta ya koma ya faɗi.

Wallahi ban san sa'ad da na yi ihu ba. Mutumin Nguroje ne ya fara shigowa, yana kan hanyar masallaci. Da ganin kurfoti bai tambayi kome ba, ya ce, "Waje! A fitar da su waje, kada a ba su kome!" Su mutanen dutse sun san wannan abu, don a can wuta a ɗaki ba ta yankewa. Muka shimfiɗe su a tsakar gida cikin sanyin nan da na yi wata guda ina yaƙi da shi, ya ruga ya taso wani mai Keke Napep, muka nufi asibiti.

Yarinya ta warware kafin azahar. Inna sai da ta kwana biyu, an sa mata robar iska a hanci. Likita ya kira ni gefe ya yi mini bayani. Ya ce gawayi in yana ci a wurin da iska ba ta isa, ya kan fid da wata guba da a ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, ba ta sa tari kamar hayaƙi balle ta tashi mai barci. Jini kuwa ya fi kama ta bisa iskar da mu ke rayuwa da ita fiye da sau 200, sai mutum ya ji ciwon kai da jiri da kasala, ya ce barci ne, daga nan sai yadda Allah ya yi. Ina tsaye ina gyaɗa kai, kunya ta rufe ni, don duk abin nan an koya mana shi a ajin kimiyya a kwalejin nan, na rubuta shi a jarrabawa, na kuwa ci. Ku 'yan'uwana da za a rarraba makarantu, in kun zo kan wannan darasi kada ku tsaya a allo, ku tambayi yaran a ina a ke ajiye kasko a gidajensu, taga kuma a buɗe ta ke ko a rufe.

Daga ƙarshe likita ya ce, "Wa ya toshe tagogin ɗakin?"

Na ce, "Ni ne."

Sai daga baya na ji sauran labarin a bakin yarinya. Ashe kwana shida ke nan Inna tana ba ta kuɗin goronta tana sayo mata ƙullin gawayi a ɓoye. In ta ji na yi barci sai ta hura, ta sa sakata don kada in ga haske, in ƙafafunta sun yi ɗumi ta kashe. A daren nan barci ya sace ta. Da ta sami sauƙi na zauna bakin gadonta, na ce, "Inna, don me ba ki gaya mini ba?" Ta kau da kai, ta ce, "Na ga kana ta lissafi, ban so in ƙara maka." Ban sami abin cewa ba. Kuɗin asibiti ya cinye abin da na tara har da ƙari, na kwaleji sai adashen malamai na roƙa aka ba ni ɗauka kafin lokacina. Garin neman gira na tashi rasa ido.

Da muka komo gida na zare takardun nan daga saman taga da hannuna. Dokar ba ta mutu duka ba, don albashi bai ƙaru ba, amma an yi mata gyara. Bayan sallar lisha a kan hura ƙulli guda a tsakar gida, kowa ya kewaye shi, har da 'ya'yan maƙwabta, Inna tana yi musu tatsuniya. Wuta ba ta shiga ɗaki. Abin da ke shiga shi ne dutse. Matar maƙwabcina ce ta koya mana: a sa sulɓaɓɓen dutse a gefen murhu tun ana girki, in za a kwanta a naɗe shi da tsohon zane a ajiye wajen ƙafa, ya kan kai tsakar dare da ɗuminsa. Ruwan alwalar Inna kuma a kan tafasa shi a kan sauran garwashin a zuba a fulas, da asuba a sirka mata. Ni dai har ɗari ya wuce da ruwan randa na ke yin tawa, ba wanda ya sa ni.

A watan Fabrairu aka yi mata aikin ido, ta warke, ta ce ita sai gida. Da hunturu ya kewayo, ran nan ina dawowa daga makaranta na tarad da buhun gawayin kirya jingine a ƙofar ɗakina, an ɗinke bakinsa da igiyar rama. Maiɗakina ta ce wani direban motar Lau ne ya sauke shi, ya ce tsohuwa ta ce a ba Malam, a kuma gaya masa kada ya sa wannan cikin lissafi.