Wasiƙa Daga College Park: Kafin Ka Raɗa Wa Gidan Yanarka Suna

A nan sanyi ya fara leƙowa, ganyayen itatuwa sun fara zuba, malamai kuma sun matsa lamba kan ayyukan ƙarshen zango. Wannan ne ya sa kuka ji ni shiru kwana biyu.

A cikin saƙonnin da suka taru mini akwai guda uku da tambayarsu kusan ɗaya ce. Akwai ƙanwata da ke sayar da turaren wuta da humra a Kano, akwai wani abokina da ke riƙe da makarantar Islamiyya a Zariya, sai kuma wani ɗan uwa ɗan kasuwa daga Maraɗi. Kowannensu yana son buɗe gidan yanar sadarwa a karon farko, kuma kowa tambayarsa ita ce: yaya ake sayen suna, kuma nawa ne? Ni dai ba ɗalibin kwamfuta ba ne, karatuna kan tattalin arzikin noma yake, amma zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Don haka na ga gara in amsa musu a nan, wataƙila wani ma ya ƙaru.

Abu na farko da nake son mai karatu ya riƙe, wanda in ya manta da komai kada ya manta da shi, shi ne: ba a sayen suna a Intanet, haya ake kamawa. Kuma wanda aka rubuta sunansa a kundin rajista shi ne ɗan hayar, ko da kuwa wani ne ya ba da kuɗin. Duk sauran bayanin da zan yi a kan wannan ya ɗoru.

Bari mu fara da yadda abin yake aiki. Kowace kwamfuta da ke ɗauke da gidan yana tana da lambarta, kamar yadda kowace waya take da tata. To haddace lambobi wahala ne, shi ya sa a shekarar 1983 wani masani mai suna Paul Mockapetris ya tsara hanyar da za a riƙa ɗaura suna a kan lamba, wato tsarin da ake kira DNS. Suna na farko da aka yi wa rajista mai ƙarewa da .com shi ne symbolics.com, ranar 15 ga Maris, 1985. Idan ka rubuta buk.edu.ng a wayarka, abin da ke faruwa kamar baƙo ne ya sauka a tasha yana neman gidan wani. Zai fara tambayar sarkin tasha, shi kuma ya ce, "Ban san gidan ba, amma ga hanyar unguwar." Mai unguwa ya nuna masa layin, mutanen layin su nuna masa ƙofar. Duk wannan cikin ƙiftawar ido.

Waɗannan sarakunan tasha, wato manyan kwamfutocin da ake fara tambaya, guda 13 ne a suna, an yi musu laƙabi da haruffa daga A zuwa M, ko da yake kowace tana da kwafi a wurare da dama, jimillarsu ta haura dubu a faɗin duniya. Abin da ya ba ni mamaki da na zo nan shi ne, mai harafin D tana hannun wannan jami'a tamu ta Maryland ne, tun ƙarshen shekarun 1980. Sunanta na farko ma terp.umd.edu, daga laƙabin kunkurun nan da jami'ar ta ɗauka a matsayin tambarinta, wanda mutum-mutuminsa ke gaban ɗakin karatu na McKeldin, ɗalibai suna shafa masa hanci lokacin jarrabawa wai don neman sa'a. Ina wucewa ta wurin kusan kullum, ga dubban matasa suna kai da kawo, ƙalilan ne suka san makarantarsu na riƙe da ɗaya daga cikin ginshiƙan Intanet. Haka kuma in ka tsallaka kogin Potomac ka shiga jihar Bajiniya, a garin Reston, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba in babu cunkoso, can ne hedikwatar kamfanin Verisign mai riƙe da kundin .com da .net, can ne kuma masu riƙe da .org suke. Ka ga ke nan maƙwabtan masu kundin nake, amma wannan bai sa an rage mini ko sisi ba.

A wannan ciniki mutum uku ne. Akwai mai babban kundi, kamar Verisign ga .com, ko hukumar NiRA da aka kafa a 2005 ga .ng na Nijeriya. Akwai dillali, wato kamfanin da aka ba izinin yi wa mutane rajista, irin su Namecheap da GoDaddy da Cloudflare, da kuma na gida waɗanda NiRA ta jera sunayensu a gidan yanarta. Na uku shi ne kai ɗan haya. Hukumar ICANN, wadda aka kafa a 1998, ita ke shimfiɗa dokokin sunaye irin su .com da .org, su kuwa na ƙasashe kowace ƙasa da nata tsarin. Kana iya biyan hayar shekara ɗaya, kana iya biyan ta shekaru da dama, amma a .com ba a wuce goma a lokaci guda.

To ina matsalar take? Bari in ba ku labarin da ya faru a kan idona. Ƙungiyarmu ta tsofaffin ɗaliban sakandare ta tara kuɗi aka ba wani matashi ya gina mata gidan yana. Ya yi aiki mai kyau, ba laifi. An buga adireshin a kalanda, an buga a kan takardun ƙungiya, har da jikin motar da aka ba makarantar gudummawa. Ashe da ya tashi rajista, sunansa ya sa, da Imel ɗinsa, da lambar wayarsa. Ba da mugun nufi ya yi ba, haka ya ga ya fi masa sauƙi. Bayan shekara biyu ya samu aiki a wata ƙasa, ya sauya layi. Dillali ya yi ta aika saƙon tunatarwa zuwa akwatin da ba mai buɗewa. Ranar da aka farga, wani ya riga ya kama sunan, in ka shiga ba abin da za ka gani sai tallan caca. Dattawan ƙungiya suka ce a rubuta takardar koke, a haɗa da rasiɗin kuɗin da aka biya yaron. Amma wa za a kai wa? A kundi babu sunan ƙungiya ko sau ɗaya. Haka aka haƙura aka sake sabon suna, kalandun kuwa suna nan rataye a ɗakunan mutane suna nuna hanyar gidan caca. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Kada wani ya ɗauka mu kaɗai ne abin ke samu. A watan Disamba na 1999, kamfanin Microsoft da kansa ya bar wa'adin passport.com ya wuce, masu Hotmail suka kasa shiga akwatunansu, sai da wani bawan Allah daga waje ya biya dala 35 aka samu sauƙi. In giwa ta yi tuntuɓe, ina ga ɗan akuya?

Saboda haka, ƙanwata da Malam da Alhaji, ga shawarata. Ko wa zai gina muku gidan, ku ce masa rajistar suna da kanku za ku yi, ko ku zauna tare a yi a gabanku. A buɗe asusun da sunanku, da Imel ɗinku, kalmar sirri kuma ta zama a hannunku. Mai gini bai buƙatar mallakar fili kafin ya aza tubali. In na makaranta ne ko na ƙungiya, a sa sunan makarantar ko ƙungiyar, kuma a tabbata aƙalla mutum biyu amintattu suna iya buɗe akwatin Imel ɗin, domin rai da ajali, da tafiya, da saɓani, duk suna faruwa. 'Yan uwana ɗalibai kuma, kada ku yi rajista da Imel ɗin jami'a, domin shi ma aro ne, makarantu da yawa sukan rufe shi bayan an sallame ka. Da zarar an gama rajistar .com ko .org za a aiko da saƙon tantancewa, a latsa shi nan take, domin in aka yi kwana 15 ba a amsa ba ana iya dakatar da sunan.

Sai zaɓen sunan kansa. Hausawa sun ce suna linzami ne. A nan mu masu Hausa muna da wata matsala tamu ta musamman. Haruffan da kowa ya yarda da su a suna su ne a zuwa z, da lambobi, da 'yar karan tsakiya. Akwai tsarin da ke ba da damar wasu haruffa na daban, amma ba ko'ina ake karɓarsu ba, kuma mutane da yawa ba su da ƙ da ɗ da ɓ a wayoyinsu. To in ka cire lanƙwasa, ƙasa ta koma kasa, baƙi su koma baki, ƙarya kuwa ta koma abin da ba za ka so a jikin allon shagonka ba. Don haka rubuta sunan ba lanƙwasa, ba tazara, ka ba wani ya karanta maka da ƙarfi kafin ka biya. Sannan ka gwada faɗa wa mutum a waya. In sai ka maimaita sau uku, ko ka ce "a'a, da w biyu ne", to sauya. Gajere ya fi, kuma a guji ɗaukar sunan wani sanannen kamfani, domin suna da hanyar ƙwacewa ta shari'a.

Game da wutsiyar sunan, wato .com ko .ng, ya danganta da inda masu cinikinka suke da kuma kuɗin da ke aljihunka. Kuɗin da Verisign ke karɓa daga dillalai kan kowane .com ya kai dala 10.26 a shekara a watan Satumba na 2024, su kuma su ɗora ribarsu. Duk wanda ya ga yadda dala ta tashi bayan an saki naira a watan Yuni na 2023 ya san hayar da ake biya da dala kowace shekara ba abin wasa ba ce. Shi ya sa na ce wa ƙanwata ta duba .com.ng ko .ng, wanda za ta biya da naira wajen dillalin gida. Malam na iya duba .org.ng ko .sch.ng na makarantu. Alhaji na Maraɗi kuwa, Nijar na da nata, wato .ne, amma tunda cinikinsa ya ratsa har Katsina da Kano, .com ba zai ba shi kunya ba.

A kula da farashin shekarar farko. Dillalai da yawa sukan karya shi ƙwarai don su jawo ka, sai shekara ta zagayo ka ga kuɗin sabuntawa ya ninka. Kuɗin sabuntawa shi ne farashin gaskiya, shi za ka tambaya. Na kyauta kuwa, a yi hattara. Kamfanin Freenom ya shekara da shekaru yana raba sunaye masu ƙarewa da .tk da .ml da makamantansu ba ko kwabo, a 2023 ya daina karɓar sababbi, daga baya ya fice daga harkar, mutane da yawa suka wayi gari ba adireshi. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Shi kansa dillali na iya sauyawa: Google ya sayar da sashensa na rajistar sunaye ga Squarespace a 2023. Wannan ba abin tsoro ba ne muddin sunanka ne a kundi, domin kana da ikon ɗauke hayarka ka koma wajen wani dillalin. Haka nan suna daban, masaukin da za a ajiye shafukanka daban. Kana iya sauya masauki sau goma, sunanka na nan yadda yake.

Na ƙarshe, ranar ƙarewar wa'adi. Rubuta ta inda kake rubuta ranar biyan hayar shago. Kunna sabuntawa ta kai tsaye, amma kada ka dogara da ita kaɗai, domin katin banki ma yana da nasa wa'adin. In hali ya yi, biya shekara biyu ko uku gaba ɗaya. A tsarin .com, in wa'adi ya cika akan ɗan yi maka jinkiri gwargwadon dokar dillalinka, sannan a shiga kwana 30 na fansa wanda kuɗinsa ke da tsada, sai kwana 5 na jiran gogewa, daga nan sunan ya koma kasuwa. Wasu dillalan ma tun kafin a kai nan sun yi gwanjonsa. Akwai mutanen da ba su da wata sana'a sai dakon irin waɗannan sunaye.

Na daɗe ina tunanin yadda muke ɗaukar suna da muhimmanci a gida. Jariri ya kwana bakwai, a tara jama'a da sassafe, a yanka rago, a raba goro, liman ya yi addu'a, duk don kowa ya shaida sunan da kuma mai shi. Amma in aka zo sunan kasuwancinmu ko makarantarmu a Intanet, sai mu miƙa wa wani yaro mu ce "je ka yi", ba shaida, ba takarda. Rubutun Hausa a Intanet bai kai yawan masu magana da ita ba, kuma duk gidan yanar da ya rufe saboda an manta da biyan kuɗin da bai kai na buhun shinkafa ba, da karatun da ke ciki yake tafiya.

Nan zan dakata. Wanda ya yi rajista ya ci karo da wani abin da bai gane ba, ya rubuto, in Allah Ya yarda za mu duba tare. A gaida mutanen gida, a kuma sa mu a addu'a, jarrabawa ta ƙarato. Allah Ya bar zumunci, Ya sa mu dace. Sai wasiƙa ta gaba.

Naku,
daga College Park, jihar Maryland, Amurka.